A Dawo Da Majigi, A Haska Tarihin Ƙaraye Da Rogo

Duk wanda yake bin labarun duniya zai lura cewa a 'yan shekarun nan an shigo da wata sabuwar hanya ta nuna wa jama'a tarihin mutanen da, musamman na ƙasar Masar. Maimakon a jera kayayyaki cikin akwatin gilashi a ce a zo a duba, sai a sami makeken zaure, a kashe fitilu, a kunna na'urorin haska hoto masu yawa a lokaci guda. Hoto ya mamaye bango huɗu har da daɓen ƙasa, mai kallo ya ga kamar yana tsaye a bakin Kogin Nilu ana jan duwatsun ginin dala. A 2022, shekara ɗari cif da gano kabarin yaron sarkin nan Tutankamun, an buɗe irin wannan nuni a Madrid, daga baya aka kai shi Alƙahira da Landan. A 2024 kuma an yi wani a Paris, cikin wata tsohuwar masana'antar narka ƙarfe, a kan zamanin Fir'aunoni. Su Misrawa kuwa tun 1961 suke haska dalolin Giza da dare suna ba baƙi labari.

Abin lura shi ne, ba gine-gine kaɗai ake nunawa ba, har da abin da mutanen suka yi imani da shi. Ana nuna yadda suka ɗauka rana tana ƙetare sama cikin jirgin ruwa, da yadda suka ce idan mutum ya mutu za a ɗora zuciyarsa a kan sikeli a auna ta da gashin tsuntsu, in ta rinjaya saboda nauyin laifi, to, ya halaka. Yaron makaranta ya shiga, kafin sa'a guda ya fito da abin da malami zai yi wata yana faɗa bai zauna masa ba. Gani ya kori ji.

To, mu nan wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, ko da yake namu bai kai nasu girma ba. Dattawanmu sun san majigi. Tun zamanin Turawa, har cikin mulkin Sardauna da bayansa, motar Ma'aikatar Watsa Labarai takan iso gari da la'asar, a yi shela, bayan sallar isha a kafa farin allo a ƙofar fada ko filin kasuwa, gari ya taru, maza gefe, mata gefe, yara a gaba cikin ƙura. Da majigi aka koya wa talakawa tsabta da zuwa asibiti da noman zamani, da shi aka taimaki yaƙi da jahilci, kuma har yau akwai tsofaffin da ke tuna Baban Larai. Rediyo da talabijin da wayar hannu suka zo, aka jingine motar majigi. Ga shi Turawa sun ɗauki dabarar sun faɗaɗa ta, suna karɓar kuɗin shiga.

Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da za a dawo da majigi don tarihinmu, kuma a fara da Ƙaraye da Rogo. Dalili kuwa, dokar da Majalisar Jihar Kano ta yi a watan Yuli na 2024 ta tsayar da Masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu a kan waɗannan ƙananan hukumomi biyu. An sha gardama a kan darajar sanda tun 2019, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, amma kaɗan ne suka tambayi abin da ɗalibin sakandare a Yammedi ko Zarewa ya sani game da ƙasar da ake gardama a kanta. Alhali kuwa Ƙaraye tsohon gari ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace shi a yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, ya kuma haɗa sunansa da Wambai Giwa, babban bafaden nan na ƙarni na 17. A yammacin Kano ɗin nan ne masu jihadi suka yi sansani kafin su ci birni a 1807. Duk wannan yana kwance cikin littattafai a Kano da Zariya, mutanen da abin ya shafa ba su gani ba. Gidan Makama yana nan, ba a ce ba ya ƙoƙari ba, amma manomin rake a Rogo yaushe zai bar gonarsa ya biya kuɗin mota don ya kalli kayan tarihi? Shi tarihin ya kamata ya je ya same shi.

Na san inda za a tsaya. Za a ce tarihin kafin Musulunci ya ƙunshi tsafi da bori da bautar iskoki, a kan me za a haska wa 'ya'yan Musulmi wannan? Ba tambayar raini ba ce, domin mun ga yadda aka janye shirin gina ƙauyen fina-finai a Kofa a 2016 bayan malamai sun nuna rashin amincewa. Wanda ya raina wannan damuwa, shirinsa ba zai kai ko'ina ba. Amma a duba Masar. Ƙasar Azhar ce, inda malamanmu da yawa suka yi karatu, kuma ita ce ta buɗe katafaren gidan tarihinta kusa da Giza a watan Nuwamba na 2025, da kayan kabarin Tutankamun fiye da 5,000 a ciki. Ba mu ji Bamisire ya koma bautar rana don ya ga hoton jirginta ba. Alƙur'ani mai girma da kansa ya ba da labarin Fir'auna a surori da dama, ya kuma yi umurni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen al'ummomin da suka gabata. Haka kuma malaman Kano da suka rubuta tarihin sarakuna da Larabci ba su tsallake Barbushe da Tsumburbura ba, da su ma suka buɗe littafin. Yaron da bai san abin da kakanninsa suke bautawa a gindin tsamiya ba, ba zai gane girman aikin Wangarawa da suka iso zamanin Sarki Yaji ba, balle dalilin jihadi. Ga kuma Maguzawa da ke zaune a karkarar Kano har gobe, 'yan ƙasa ne, tarihinsu yanki ne na namu. Abin da ake bukata shi ne a zauna da malamai tun daga rubuta labarin, ba sai an gama a kai musu su sa hannu ba.

Sai dai wahalar aikin ba a na'ura take ba. Na'urar haska hoto da ƙaramin injin wuta ko faifan hasken rana ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, bangon makaranta ma ya isa allo, kuma Kano cike take da samari masu iya ɗaukar hoto da zane a kwamfuta. Wahalar ita ce abin da za a haska. Misrawan da sun rubuta labarinsu a jikin dutse, kuma tun da Champollion ya warware rubutun a 1822 masana suke ta aiki a kansa. Sa'a gudan nan da aka kalla a Madrid, binciken shekara ɗari biyu ne a bayanta. Duk da haka ma akan soki irin waɗannan nune-nune da cewa ƙyale-ƙyale ya fi ilmi yawa. Ina ga mu, da yawancin tarihin ƙauyukanmu yake a bakin tsofaffi da makaɗan fada da masu kirari? In aka yi gaggawa aka ba ɗan kwangila, zai zano mana sarki da rawanin da ba na zamaninsa ba, da ganuwa irin ta fim ɗin Indiya, yara su haddace ƙarya. Ƙaryar da aka haska a bango kuwa ta fi ta baka wuyar gogewa.

Akwai misali a kusa. Lokacin da Masar ta gina madatsar Aswan, an yanka haikalin Abu Simbel gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka sake haɗa shi a kan tudu don kada ruwa ya cinye shi. Mu ma an kammala mana madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, aka tashi mutane daga mazauninsu na kaka da kakanni. Waɗanda suka san inda rijiya take, da inda kasuwa take ci, da sunayen unguwannin da ke ƙarƙashin ruwan nan, yau duk sun manyanta. Kowace damina ana rasa wasu.

Saboda haka aikin farko ba sayen kaya ba ne. Majalisar Masarautar Ƙaraye ta umurci hakimai da dagatai su kawo sunayen dattawan da suka san tarihi a kowace gunduma, daga Kafin Dabga har Fulatan. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta haɗa kai da Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero, a tura ɗalibai 'yan asalin yankin lokacin hutu su ɗauki muryoyin nan da hotunan kufai da ragowar ganuwa, a lissafa musu shi cikin aikin kammala karatu. Ƙananan hukumomin biyu su ɗauki nauyin mota da abinci. In an tace abin da aka samo, malaman addini da na boko sun amince, sai a nemi rani bayan an gama girbi, a yi shela, a fara haskawa a ƙofar fadar Ƙaraye, daga nan motar ta nufi Rogo.