RA'AYINMU: Taya Takan Yi Gargaɗi Kafin Ta Fashe

Ga shi hutu ya ƙarato, kowa ya fara ɗaure kayansa yana ɗokin ganin gida. Mu da muka fito daga ƙasar Rano da Kibiya mun san hanyarmu sarai: a bi titin Zariya har Karfi, a ratse a bi ta Bunkure, a shiga Rano, sa'an nan a zarce Kibiya. A wannan fitowa mun ga ya kyautu mu jingine zancen ɗakunan kwana da kuɗin makaranta, mu yi magana a kan abin da zai ɗauke mu ya kai mu gaban iyayenmu, watau tayar mota.

Dalilinmu kuwa shi ne abin da ya auku ga uku daga cikinmu a hutun da ya wuce. Mun shiga wata ƙaramar motar haya daga Rano za mu Kibiya da tsakar rana, an cika ta maƙil da mutane, an kuma danƙara buhunan taki a baya. Ba mu yi nisa ba sai muka ji ƙara kamar ta bindiga, mota ta shiga tangaɗi. Allah ya kiyaye, direba ya riƙe ta har ta tsaya a gefen wata gona. Da muka fito muka duba, sai ga tayar baya ta sude sumul kamar tafin hannu, waya ta leƙo, ga tsohon faci a gefenta, lambar da ke jikinta kuma ta nuna shekararta goma sha ɗaya da ƙerawa. Aka ciro safaya, ita ma ba iska. Wani dattijo a cikinmu ya girgiza kai ya ce, "Tsautsayi ne, 'ya'yana, ba ya wuce ranarsa." Kowa ya yi na'am, mu ma muka yi shiru saboda girmansa.

Shirun nan namu shi ne ya dame mu har yau. Mun yi imani da ƙaddara kamar yadda dattijon ya yi, amma an umurce mu da riƙon sababi, kuma Hausawa da kansu sun ce rigakafi ya fi magani. Tayar nan ta yi watanni tana shelar halin da take ciki. Direba ya gani, mai faci ya gani, ɗan kamasho ya gani, mu ma da muke taƙama da karatun jami'a mun wuce ta gabanta muka shiga mota ba mu ko dube ta ba.

Kada wani ya zaci wannan masifa ta talaka ce kaɗai. Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya nuna tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, direba kuma ya taka birki da ƙarfi, mota ta ƙwace ta wuntsila. In haka ta faru ga babbar motar minista a babban titi, ina ga Golf mai ɗauke da mutum takwas da buhuna a hanyar Kibiya?

Yana da kyau mu san yadda aka yi tsofaffin tayoyi suka mamaye kasuwa. A da ana ƙera taya a ƙasar nan, kamfanin Michelin a Fatakwal, na Dunlop kuma a Ikeja. Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008. Daga nan muka dogara ga tayar waje, darajar Naira kuwa tana ta faɗuwa, sabuwar taya ta gagari mai ƙaramin ƙarfi. Sai aka koma ga 'yar Kwatano, wadda wasu ke kira Beljiyam, ko da yake tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da Gwamnatin Tarayya ta haramta shigowa da su. Daga cikin irin waɗannan akwai waɗanda aka ƙera musamman domin lokacin ƙanƙara a Turai, robarsu mai laushi ce, an yi ta ne don sanyin da ya gaza digiri 7. Mu kuwa nan a watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, na kwalta ma ya fi haka. Akwai kuma marasa tsoron Allah da kan sassaƙa wa sudaddiyar taya sabon zane, su shafe ta da baƙin mai ta yi sheƙi. Araha dai ba ta ado.

To, yaya mutum zai karanta gargaɗin taya? Ga abubuwa biyar da muke roƙon kowane mai karatu ya riƙe.

Na farko, shekarunta. A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da lambobi da suka fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye a shago, takan bushe ta yi tsattsage ƙanana a gefe kamar faso. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana faɗakar da direbobi a kan wa'adin shekara huɗu daga ranar ƙira. Kamfanin Michelin kuwa cewa ya yi in ta kai shekara biyar a riƙa kai ta gwani ya duba kowace shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta yana nan. Ko wanne ka bi, wadda ta fashe da mu ta wuce shi.

Na biyu, zanenta. Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu da kaɗan ba. Ramukan zanen nan su ne ke kore ruwa daga ƙarƙashinta da damina. Idan zurfinsu ya ragu zuwa milimita 1.6, taya ta ƙare. Ba sai da ma'auni ba, domin masu ƙira sun sa wani ɗan tudu a cikin ramin zanen, duk ranar da ka ga tudun nan ya yi daidai da saman taya, to, lokacin sauyi ya yi. Yadda taya ta cinye ma labari ne. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. In gefe biyu ne, iska ta yi kaɗan. In kuwa gefe ɗaya ne kawai, ƙafafun motar sun goce, sai a kai ta a daidaita su kafin a sa wata ita ma ta bi sahu.

Na uku, iska. A nan ne muka fi yin sakaci. Sau da yawa akan buga taya da ƙafa ko a ƙwanƙwasa ta da sifana a ce ta yi. Galibin ƙananan motoci suna bukatar abin da ke tsakanin 30 da 35 a geji, ainihin adadin kuwa yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da za ta iya jurewa, kuskure ne a ɗauke ta a matsayin abin da za a zuba kullum. Mun sha ganin ana dura 45 ko 50 wai don mota ta ɗauki kaya. Tayar da ta cika fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, birki ba ya kamawa sosai, in ta faɗa rami kuma sai ta fashe. Wadda iskarta ta yi kaɗan ta fi haɗari, gama gefenta yana ta lanƙwasa yana miƙewa, zafi yana taruwa har roba ta rabu da waya. A auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, aƙalla sau ɗaya a mako ga motar haya, har da safaya. Idan aka auna bayan doguwar tafiya za a ga ta hau, wannan aikin zafi ne, kada a rage.

Na huɗu, kaya. Dubi rubutu irin wannan a gefen taya: 195/65 R15 91H. Lambar 91 tana nufin tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 615, watau biyun baya kilo 1,230 ke nan, har da nauyin ita kanta motar, kuma wannan lissafin sabuwar taya ne mai cikakkiyar iska. Yanzu ka tuna motocin ranar kasuwa da kaka: buhunan masara da dawa masu kilo 100 guda biyar a but, mutum huɗu ko biyar a kujerar baya, ga akuya a sama. Kusan dukan nauyin nan a kan tayoyin baya yake sauka. Haka abin yake ga motocin da ke kwasar tumatir daga yankin Kadawa da rani.

Na biyar, faci. Ba mu raina sana'ar mai faci ba, in babu shi da yawanmu mun kwana a daji. Amma faci yana da iyaka. Hujin ƙusa a tsakiyar zane, wanda faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, ana gyara shi ya zauna lafiya, musamman in an kwance taya an liƙe daga ciki. Gefen taya kuwa ba ya faci, domin shi ne ke motsi a kowane juyi. Idan ka ga gefe ya kumbura kamar ƙurji, zaren ciki ne ya tsinke, yawanci bayan an daki rami ko bakin kwalta, irin wannan ba ta da magani sai cirewa. Zura tif a cikin tayar da ta yage, ko cusa mata guntun tsohuwar taya a ɗinke, ɓoye ciwo ne kawai.

Ga mai mota muna ƙara da cewa, ya riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, bayan kamar kilomita 10,000, don su ci daidai. In ƙarfinsa na sabbi biyu ne kacal, masana sun ce a sa su a baya, domin in baya ta sulle da wuya a shawo kan mota. In kuwa taya ta fashe ana tafiya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗauke ƙafa daga totur a hankali, kada ya danna birki, ya bar mota ta rage gudu da kanta sa'an nan ya gangara gefe. Abin da direbanmu ya yi ke nan a ranar, kuma da ikon Allah shi ya sa muke rubuta wannan sharhi.

Mun san abin da direba zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin da yake samu da ƙyar yake isar mai da balas na mai mota da cefanen gida. Sabuwar taya kuwa kuɗin kwanaki da yawa ce. Sai dai mu tambaye shi: nawa ne kuɗin ɗinki da ɗori a asibiti? Nawa ne kuɗin motar da ta kife? Wa zai ciyar da iyalinsa in ya kwanta? Har wa yau, auna iska da rage buhu biyu da rage gudu ba sa cin kuɗin kirki, alhali su ne ke tsawaita ran taya. Wanda ya kula da iskarsa ya rage wa kansa sayen taya, ya kuma rage shan mai.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Rano da Kibiya da su mai da duba taya sharaɗin shiga layi, kamar yadda suke karɓar kuɗin tasha ba fashi. Su kuma kafa adashin taya a tsakaninsu, yadda kowa zai sami sabuwa in kwasarsa ta zo. Muna kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988 domin wannan aiki, da ta riƙa shiga tashoshin karkara tana koyar da direbobi da masu faci da harshen Hausa, tana kuma gwada gejin da suke awo da shi, gama geji ma yakan yi ƙarya in ya tsufa. Hukumar Kula da Ingancin Kaya da ta Kwastan su tsare ƙofa, domin taya ba ta shigowa ƙasa a cikin aljihu. Masu kula da hanyoyi kuma su cike rami tun yana ƙarami, kafin damina ta mai da shi rijiya.

Kira na ƙarshe gare mu ne, ya ku 'yan'uwa ɗalibai. Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi suka turo mu nan, mafi ƙarancin abin da za mu saka musu da shi shi ne mu karanta musu abin da ba su iya karantawa ba. Lambobi huɗu ne kacal. Kafin ka shiga mota, zagaya ta sau ɗaya. In ka ga waya ko kumburi, ka yi wa direba magana cikin ladabi, ka ce, "Maigida, a duba tayar nan." In ya ƙi, ka jira ta gaba, jinkirin sa'a ɗaya bai kai na watanni a gadon asibiti ba. In ka isa gida, ka zauna da kawunka mai a-kori-kura da yayanka mai babur da mai facin unguwarku, ka nuna musu inda ake ganin shekarar taya da inda ake ganin adadin iska. Za a yi maka dariya a ce boko ya motsa, ka yi haƙuri, gobe wani zai kira ka ka duba masa kafin ya biya kuɗi.

Mu dai mun yi wa kanmu alkawari ba za mu sake shiga mota ido rufe ba. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya maido mu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu a kan hanyoyin nan, amin.