Daga Tagar Malam: Baƙuwar Kaza a Gindin Murhu

Filin namu na wannan wata ba zai taɓo zancen makaranta ba, zancen kaza za mu yi. Kada wani ya ce Malam ya rasa abin faɗi, ku dai biyo ni.

Wata Asabar cikin watan Oktoba, bayan an ɗauke wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, uwargida ta tarar da wata kaza raɓe a gindin murhu, ta jiƙe sharkaf. Ba tamu ba ce. Ja ce mai ratsin baƙi, amma wuyanta tsirara yake, ja wur, ba gashi sai ɗan guntu a gaban wuyan. Nan da nan yara suka kewaye ta. Wannan ya ce 'yar ungulu ce, wancan ya ce ubanta talo-talo ne. Ƙanena kuwa cewa ya yi, "Yaya, a wasa wuƙa kawai, rabo ne ya kawo kansa."

Na ce a'a, mu fara sanin mai ita. Gidajenmu na Briqueterie a cuɗe suke, kaza ɗaya tana iya ratsa gida biyar kafin azahar. Na aiki yara lungu-lungu, aka yi cigiya a masallaci bayan magariba, shiru. Na sami limaminmu da maganar, ya ce, "Malam, tsintuwa amana ce. Ka riƙe ta, ka ci gaba da cigiya. Ranar da mai ita ya zo ya faɗi alama, tasa ce, har abin da ta haifa."

Sai batun lafiya. Muna da kaji huɗu a akurki, kuma ba mu manta da watan Mayun 2016 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓarke a babbar gonar kaji ta Mvog-Betsi, dubban kaji suka mutu, har hukuma ta hana cinikin kaji a kasuwannin Yawunde na wani lokaci. Ga kuma annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Newcastle, wadda ke murɗe wa kaza wuya, ta sa ta koren zawo, ta share akurki cikin 'yan kwanaki. Saboda haka muka kife baƙuwar da kwando a can gefe har mako 2, da nata ruwa da nata tsaki. Da muka ga tana ci, idonta garau, sai aka yi mata rigakafi tare da namu. Maganin rigakafin nan a ƙasarmu ma ana yin sa, a ma'aikatar LANAVET da ke Garwa, kuma kuɗinsa bai kai na kaza ɗaya ba.

To, wace iri ce? Na fara duba bakinta. Kajin gidan gona masu ƙwai, waɗanda ake sayarwa a Mvog-Ada da Mokolo in sun tsufa, galibi za ka ga an datse musu baki tun suna tsaki don kada su tsattsagi juna. Bakin wannan cikakke ne mai tsini. Ba ta da ƙibar kajin nama farare da ake yankawa bayan kwana 45, waɗanda tafiya ma wahala take ba su. Ga tono, ga tashi sama ta kwana kan katanga. Kazar gida ce.

Saura wuyan. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta tashi a Marwa, ta leƙo ta yi dariya ta ce, "Haba Malam, duk karatun naka ba ka san fingi ba? Ai ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi ta." Ta lissafo mini sauran: shazumama mai gashi a birkice, durgu mai gajerun ƙafafu, da kazar Fulani doguwa mai jiki. Da na koma littafi na tarar gaskiyarta. Faransawa na kiran irin wannan *cou nu*, suna kiwon ta musamman don daɗin namanta. Ba ruwanta da talo-talo, balle ungulu. Gado ne kurum, kuma mai rinjaye. Rashin gashin wuya na sa jikinta saurin huce zafi, shi ya sa take jure rani fiye da 'yan uwanta. Ɗan gashin nan na gaban wuya kuwa alama ce ta cewa daga ɓangare ɗaya ta gaji abin. In aka haɗa ta da zakara mai cikakken gashi, kusan rabin 'ya'yan ne za su ɗauko wuyanta.

Wajen zaɓen zakara aka yi gardama. Ƙanena ya dage sai an samo wani ƙaton zakaran gidan gona, wai don 'ya'yan su yi girma. Nan ne da yawa daga cikinmu ke kuskure. Kajin gidan gona haɗin kamfani ne, an yi su don abinci na musamman da magani da ɗaki. Mai ƙwai tana iya yin ƙwai kusan 300 a shekara, amma da wuya ta kwanta a kansu, domin an cire mata wannan hali. Kazar gida ba ta cika wuce 40 zuwa 60 ba, sai dai ita ke kwanci, ita ke ƙyanƙyashewa, ita ke kare 'ya'yanta daga shaho, kuma da dusa da ƙanzon tuwo take rayuwa. In ka dinga zuba mata jinin gidan gona, wata rana za ka wayi gari da manyan kaji waɗanda ba sa kwanci, ba sa iya kiwon kansu, sai ka koma sayen tsaki da buhun abinci.

Ni kam na san darajar kazar gida. A watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, ina ɗan makaranta, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Kajin mahaifiyata ne suka saya mana littattafan rubutu da alli a shekarar.

A lura kuma, kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai. Amfaninsa shi ne ƙwan ya yi tsako, kuma zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Ba sai kowane gida ya sayi nasa ya hana maƙwabta barci ba. Dattijuwar nan ta ara mana nata, jan zakara na gida mai ƙoshin lafiya, wanda ba ɗan uwan kajinmu ba ne. Ya yi mako ɗaya ya koma.

Baƙuwa ta tara ƙwai 11, ta kwanta kwana 21, ta fito da 'yan tsaki 9. Huɗu masu tsiraran wuya ne. Na kai labarin aji, yara suka yi lissafin da kansu a allo, kuma ban taɓa ganin sun fahimci darasin gado da sauri haka ba.

Yanzu dai kaji goma ke hannuna waɗanda ba nawa ba. Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage, to haka ma kaza. Akwai wata alama a ƙafarta wadda ban faɗa ba da gangan. Duk wanda kazarsa ta ɓace wajen Oktoba a unguwar nan, ya nemi gidan Malam ya faɗi alamar, ya kwashi kayansa. Roƙona ɗaya, ya bar wa yara tsako guda.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.