Tabaraun VR zai taimaki ɗaliban ilimin duwatsu, amma kada ya zama hujjar soke fita daji

Ɗalibin ilimin duwatsu da ma'adinai, wato jiyoloji, ba ya ƙwarewa a cikin aji kaɗai. Sai ya shiga daji da guduma da kamfas da littafin rubutu, ya fasa dutse, ya auna yadda ya kwanta, ya zana taswira da hannunsa. A Arewacin Najeriya kuwa, shiga dajin nan ta zama kasada.

A watan Yulin 2017 mayaƙan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri na Jihar Borno. Cikin ayarin akwai ma'aikatan Jami'ar Maiduguri. An kashe mutane da dama, aka sace ma'aikatan jami'ar uku, ba a sako su ba sai a watan Fabrairun 2018.

A Arewa maso Yamma ma haka abin yake. Birnin Gwari da Maru da Anka da Zuru suna cikin wuraren da littattafan jiyolojin Najeriya suka fi ambato, saboda tsofaffin duwatsun da ke ɗauke da zinare. Yau da wuya a sami shugaban sashen da zai sa hannu a cika mota da ɗalibai a nufi dazukan nan, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

A nan ne fasahar VR take da amfani. Tabarau ne da ake ɗaurawa a fuska, mutum ya ga kansa a tsakiyar wani wuri, duk inda ya waiga ya ga abin da ke wajen. Yadda ake haɗa wurin ba wani sihiri ba ne. Jirgi maras matuƙi ko kyamarar hannu ke ɗaukar ɗaruruwan hotunan dutse ta kowace kusurwa, sai manhajar kwamfuta ta haɗa su su zama siffar dutsen mai tsawo da faɗi da zurfi.

Wasu ƙasashe sun riga sun gwada. Jami'ar karatu daga gida ta Birtaniya ta gina kwafin tsaunin Skiddaw na arewacin Ingila a kwamfuta, ɗalibai suna zagaya shi daga ɗakunansu. Da annobar korona ta hana tafiye-tafiye a 2020, malaman kwalejin Imperial da ke Landan sun kai ɗalibansu tsibirin Sardiniya na Italiya ta cikin kwamfuta. Akwai kuma rumbun V3Geo a intanet, inda masana ke ajiye siffofin duwatsu daga ƙasashe daban-daban.

Amfanin a fili yake. Ɗalibi zai iya komawa kan dutse ɗaya sau goma ba tare da biyan kuɗin mota ba. Zai iya duba saman tsaunin da ba ya hawuwa. Mai lalurar ƙafa, da mai juna biyu, da ɗalibar da iyayenta suka ƙi yarda ta kwana a daji, duk za su ga abin da sauran suka gani.

Sai dai gani ba taɓawa ba ne. Masanin duwatsu yana ɗiga ruwan asid a kan dutse, idan ya yi kumfa ya san dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. Yana kartar ma'adini da wuƙa don sanin taurinsa, yana jinjina shi a tafin hannu don jin nauyinsa. Wani lokaci ma har gutsura yake ya sa a haƙori, ya bambance yumɓu da ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa. Babu tabaraun da ke yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. A cikin tabarau, wani ne ya riga ya zaɓi dutsen da ya dace ya ajiye wa ɗalibi. A daji kuwa ciyawa da jar ƙasa sun rufe kusan komai, shi zai nemo inda dutse ya leƙo, ya yanke hukunci da ɗan abin da ya gani. Wannan shi ne ainihin aikin da za a ɗauke shi ya yi.

Kuskuren wanda bai ƙware ba a kan talaka yake faɗawa. Shi ne zai nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse, gari ya tara kuɗi a haƙa a tarar babu ruwa. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare mai haɗe da dalma a cikin gidaje. Ƙasar da ta ga irin wannan, kuma take neman mai a Kolmani da litiyam a Nasarawa, tana buƙatar mutanen da suka san dutse a hannu.

Shi ya sa abin tsoron ba fasahar ba ce, yadda za a yi amfani da ita ne. Fita daji tana cin kuɗin mota da mai da masauki da abinci kowace shekara. Tabarau kuwa sau ɗaya ake saye, a yi bikin buɗe ɗaki, a ɗauki hoto. Jami'ar da kuɗi ya yi wa ƙaranci za ta iya ganin ta sami mafita, ta rage kwanakin daji a hankali har su ƙare.

Ita kanta fasahar ba ta da tabbas. Kamfanin Google ya rufe manhajarsa ta Expeditions a 2021, bayan makarantu da yawa sun saba kai ɗalibai yawon buɗe ido da ita. Ga matsalar wuta da tsadar data, ga jirin da wasu ke ji idan sun daɗe da tabarau a fuska.

Abin da ya kamata shi ne a fara da duwatsun gida. Hukumar binciken ma'adinai ta NGSA da jami'o'i irin su ABU Zariya da Jos da ATBU Bauchi za su iya haɗa kai, da tallafin TETFund, su ɗauki siffofin duwatsun kuza na Filato, da tsaunukan Biyu, da duwatsun yashi na Bima. Wuraren da ke da haɗari, ƙaramin ayari da rakiyar jami'an tsaro zai iya zuwa sau ɗaya ya ɗauko, maimakon a riƙa kai ɗalibai duk shekara. A kuma tsara su yadda za su buɗe a wayar hannu ko da babu intanet, tunda ita ce a aljihun mafi yawan ɗalibai.

Daga nan sai hukumar jami'o'i ta NUC da majalisar COMEG mai yi wa masana ma'adinai rajista su ja layi a rubuce: awannin da aka yi cikin tabarau ba za su shiga lissafin kwanakin daji ba. A yi amfani da VR kafin a fita don ɗalibi ya san abin da zai nema, da bayan an dawo don ya yi bita. Inda babu tsaro a sauya wurin zuwa, ko da Dutsen Kufena ne a bayan Zariya, amma dai ɗalibi ya riƙe guduma kafin a miƙa masa digiri.