Hanyar Karkara: A Gyara Kafin Damina

Hanyoyin mota a Nijeriya sun kasu gida uku. Akwai manyan hanyoyi na Gwamnatin Tarayya, waɗanda suke haɗa jiha da jiha. Akwai na gwamnatocin jihohi. Sai kuma ƙananan hanyoyi na ƙananan hukumomi 774 da ke ƙasar, waɗanda suke haɗa ƙauye da kasuwa, da gona, da makaranta, da asibiti. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin gina irin waɗannan hanyoyi da magudanan ruwa, da kuma kula da su. Sashen Ayyuka shi ke riƙe da wannan aiki. A ganina, babban abin da ya kamata wannan sashe ya sa a gaba shi ne gyaran hanyoyin da ake da su, kafin a yi zancen buɗe sababbi.

Mu fara duba abin da ke kashe hanya. Yawancin hanyoyin karkara na burji ne, wato jar ƙasa da tsakuwa aka zuba aka danne, babu kwalta. Babban abokin gabar irin wannan hanya shi ne ruwa. Shi ya sa injiniyoyi suke ɗaga tsakiyarta kaɗan, domin ruwan sama ya gangara gefe. Suna haƙa lambatu a dama da hagu, suna kuma sa kwalbati a duk inda ruwa zai tsallaka ta ƙarƙashi. Idan yashi da shara suka toshe kwalbati, sai ruwa ya hau kan hanya ya kwanta. Ƙasa ta yi laushi, tayar babbar mota ta yi mata rami, ramin kuma ya tara wani ruwan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin da mutum biyu za su gama da shebur a wuni guda a watan Maris, idan an ƙyale shi zuwa Satumba sai an nemo katafila da ɗan kwangila.

Wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci shi ne talaka. Doyar da ake lodawa a kasuwar Zaki Biyam ta Jihar Binuwai, da tumatirin da ke barin Kadawa ta Jihar Kano zuwa Legas, duk ta ƙaramar hanya suke fara tafiya. Idan hanyar ta yanke, direba zai ƙi shiga ƙauye, ko ya ninka kuɗin mota. Manomi ya sayar da kayansa da arha, ɗan birni kuma ya saya da tsada. Tumatir ba ya jira, ruɓewa yake yi. Haka ma mace mai naƙuda ba za ta iya jiran rafi ya janye ba. Malamin da aka tura ƙauye kuwa yakan nemi canjin wurin aiki tun bai cika shekara ba.

Tarihi ma ya koya mana darasi. A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI, wadda ta buɗe hanyoyin burji masu yawa a karkara. Da aka daina kula da su, damina bayan damina, da yawansu suka koma turbar ƙafa.

To, me ya sa ake gudun gyara? Sabuwar hanya tana zuwa da biki da kiɗa da 'yan jarida. Share lambatu kuwa ba wanda ke yi masa tafi. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma sun daɗe suna kukan cewa kuɗinsu na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. Kukan nan yana da tushe, domin a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Amma ƙarancin kuɗi ma hujja ce ta a rungumi gyara, tunda shi ne mafi arha. Wasu kuma suna cewa a shimfiɗa kwalta a ko'ina a huta. Sun manta cewa kwalta tana da tsada ƙwarai, kuma ita ma ruwa na cin ta idan babu magudana.

Ga abin da nake ba da shawara. Na farko, a ware kuɗin gyara daban a cikin kasafin kowace shekara, kada a taɓa su don wani abu. Na biyu, a raba kowace hanya gunduwa-gunduwa, a ɗauki mutum guda daga ƙauyen da ke kusa, a ba shi kilomita ɗaya ko biyu, da shebur da diga da baro da ɗan albashi. An yi amfani da irin wannan tsari a ƙasar Kenya. Na uku, gireda ta bi hanyoyin tun kafin ruwa ya sauka. Lokacin ya bambanta, domin damina takan riga sauka a kudancin ƙasar kafin ta iso arewa. Na huɗu, a liƙa jerin hanyoyin da za a gyara da kuɗinsu a sakatariya, yadda kowa zai gani ya tambayi kansilansa.

Mu ma jama'a muna da namu nauyin, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu daina zuba shara a lambatu. Mu daina ɗibar yashi a gindin gada, da faɗaɗa gona har cikin magudana. Ɗalibai kuma za su iya haɗa kai da mai unguwa su yi aikin gayya a kwalbatin da ke kusa da makarantarsu, tun hadari bai fara haɗuwa ba.