Jiran Gawon Shanu a Ƙofar Amurka

Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka kan fitar da wata 'yar sanarwa mai suna Visa Bulletin. Mafi yawan abin da ke cikinta jadawalin ranaku ne kawai, amma dubun dubatar injiniyoyi da likitoci da malaman jami'a na zuba mata ido kamar yadda manomi ke duban gabas a farkon damina. Ita ce ke gaya wa ƙwararren ma'aikaci ko layinsa na samun takardar zama ta dindindin, wadda aka fi sani da girin kad, ya matsa gaba, ko ya tsaya cik, ko ma ya ja da baya. Na ga ya dace in yi magana a kanta a wannan mako, domin ɗalibaina da yawa da ke mafarkin ƙetare teku sun iya lissafin albashi da dala, amma ƙalilan ne suka san cewa kuɗin da ake biya a wannan ƙofa shekarun rayuwa ne.

Bari mu fara da yadda tsarin yake. Dokar shige da fice ta 1990 ta ƙayyade cewa Amurka za ta riƙa ba da takardun zama 140,000 a shekara ta hanyar aiki. An kasa su kashi biyar, daga EB-1 zuwa EB-5. Uku na farko su ne na ƙwararru, kowanne da kimanin 40,000: EB-1 na fitattun masana da manyan shugabannin kamfanoni, EB-2 na masu digiri na biyu zuwa sama, EB-3 kuma na masu digirin farko da masu sana'a. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, matar ma'aikaci da 'ya'yansa duk cikin wannan adadi ake ƙirga su, har sukan cinye fiye da rabi. Tun daga 1990 tattalin arzikin Amurka ya ninka, intanet ta haifi sana'o'in da babu su a da, amma adadin yana nan inda aka bar shi.

Ga mafi yawan masu nema, kamfani ne zai fara zuwa Ma'aikatar Ƙwadago ya nuna cewa ya nemi Ba'amurken da zai iya aikin bai samu ba. Ranar da aka shigar da wannan takarda ita ce lambar mutum a layi. Daga nan sai zaman jira, har ranar da ke cikin sanarwar wata-wata ta iso tasa ranar.

Inda gizo ke saƙa shi ne wata ƙa'ida da ta ce 'yan ƙasa ɗaya ba za su karɓi fiye da kashi 7 cikin ɗari ba, wato kimanin 9,800 a shekara, sai fa in an samu ragowar da wasu ba su nema ba. Ƙasar haihuwa ake dubawa, ko da mutum ya sauya fasfo daga baya. Ke nan Indiya mai mutane sama da biliyan 1.4 rabonta ɗaya da Aisilan wadda jama'arta ba su kai rabin miliyan ba. Alhali kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari na bizar aiki ta wucin gadi, H-1B, Indiyawa ne ke samu. An buɗe ƙofar zaure a wangale, ƙofar shiga cikin gida kuma an bar ta kamar kafar allura.

Sakamakon a fili yake. A shekarun 2024 da 2025, Ba'indiyen da ke layin EB-2 da aka kira shi ne wanda ya shigar da takardarsa tun wajajen 2012 ko farkon 2013. A 2023 David Bier na Cibiyar Cato ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.8 ne ke cikin layin, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu Indiyawa, kuma sabon shiga daga Indiya zai iya jiran shekara 134 in abubuwa suka ci gaba a haka. Ya ce sama da 400,000 ajali zai riske su kafin a kira su. Ana iya jayayya da yadda ya yi lissafin, amma ko an raba shi gida huɗu, ya kusa cinye tsawon shekarun aikin mutum.

Mai karatu na iya cewa, to ai suna can suna aiki suna karɓar albashi mai tsoka, mene ne na kuka? A nan ne nake ganin ainihin illar take. Bizar H-1B ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki mutum. Asalinta shekara shida ce, sai wata doka ta 2000 ta ba da damar a yi ta sabunta ta ga wanda ke cikin layi. Idan aka sallame shi, kwana 60 gare shi ya sami wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, ko ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. Haka ta faru da mutane da yawa a ƙarshen 2022 da farkon 2023, lokacin da manyan kamfanonin fasaha suka yi ta rage ma'aikata. Wanda yake cikin irin wannan hali ba ya iya ɗaga murya a gaban maigidansa, yana shakkar sauya aiki, kafa kamfanin kansa kuwa sai dai a mafarki. Shekarunsa na ƙarfi da basira duk sukan ƙare a cikin ɗari-ɗari.

Mafi ban tausayi su ne 'ya'ya. Yarinyar da aka shigo da ita tana goye, ta yi firamare da sakandare a can, ba ta san wata ƙasa ba, da zarar ta cika shekara 21 doka ta daina ƙirga ta a cikin iyalin mahaifinta. Dokar 2002 da aka yi don kare irin waɗannan yara ba ta rage musu komai sai ɗan lokacin da hukuma ta ɓata wajen duba takarda. Sai ta nemi bizar ɗalibta ta fara nata layin daga farko, ko ta koma ƙasar da take baƙuwa a cikinta.

An yi yunƙurin gyara. A watan Yulin 2019 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin soke ƙa'idar kashi 7 da rinjaye mai yawa, Majalisar Dattawa ta amince da nata samfurin a Disambar 2020, amma ba su daidaita ba har wa'adinsu ya ƙare. Ni a ganina ƙa'idar ba ta da adalci, domin tana auna mutum da inda aka binne cibiyarsa maimakon abin da ya iya. Sai dai soke ta kaɗai raba wahala ne, domin tuwon bai ƙaru ba. Duk wanda ya zo daga baya, har da 'yan Afirka, sai ya tsaya a bayan mutum miliyan guda. Gyara na gaskiya shi ne a ƙara adadin, a daina ƙirga mata da yara a ciki, a kuma dawo da takardun da suka salwanta saboda jan ƙafar hukuma, kamar dubun dubatar da suka bi ruwa a 2021.

Ina namu a cikin wannan labari? Najeriya da Nijar da Ghana suna cikin rukunin sauran ƙasashen duniya, wanda ya daɗe babu dogon layi a cikinsa. Wannan ya sauya. A 2023 layin EB-3 na wannan rukuni ya ja da baya, ma'aikatan jinya da suka ci jarrabawa, asibitoci kuma suka ɗauke su, suka wayi gari suna jira. Cacar biza kuwa an cire Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015. A Fabrairun 2020 ma gwamnatin Trump ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama, sai a Janairun 2021 Biden ya ɗage takunkumin. Wato ko layi ya iso kanka, sa hannun mutum ɗaya na iya rufe ƙofar. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba na cikin masu ɗora wa matashi laifi don ya nemi inda za a daraja iliminsa. Wanda ya ga halin da asibitocinmu da jami'o'inmu ke ciki ba zai yi saurin yanke masa hukunci ba. Abin da nake roƙo shi ne ya shiga da idonsa a buɗe. Kafin ya sayar da fili ko ya ajiye aiki, ya san rukunin da zai faɗa, ya karanta sanarwar watanni goma sha biyu da suka gabata don ya ga tafiyar layin da kansa, ya lissafa shekarun babban ɗansa, ya kuma tambayi kamfanin a rubuce yaushe zai shigar masa da takarda. Duk dillalin da ya yanka masa ranar samun girin kad, ya riƙe kuɗinsa, domin ko jami'an da ke buga jadawalin ba sa yin wannan alkawari.