Sharhi: Sintirin 'Yan Sanda Da Barcinsu A Ma'aunin Bincike

Duk lokacin da aka zauna taron tsaro a sakatariyar ƙaramar hukuma, buƙatun da ake kaiwa gaban mahukunta kusan iri ɗaya ne: a ƙaro motocin sintiri, a ƙaro jami'ai, a kafa sabon shinge a kan hanya. Ko shakka babu buƙatu ne na gaskiya, kuma gwamnatocin jihohi sun daɗe suna sayen motoci da babura suna miƙa wa rundunar 'yan sanda, duk da cewa rundunar ta gwamnatin tarayya ce. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai muke yi ba: motar da aka saya, ina za ta tsaya, da ƙarfe nawa, kuma wanda ke cikinta yaushe rabonsa da barci?

A wasu ƙasashe an daɗe da fara neman amsar wannan tambaya ta hanyar gwaji, kamar yadda malamin gona ke raba fili biyu don ya ga wane iri ya fi bayar da amfani. Daga 1972 zuwa 1973, 'yan sandan birnin Kansas a Amurka sun raba yankuna 15 kashi uku. A kashi na farko aka janye sintirin mota sai in an kira, a na biyu aka bar shi yadda yake, a na uku kuwa aka ninka shi biyu zuwa uku. Bayan shekara guda aka duba, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba, ko a yawan laifuffuka ko a tsoron da jama'a ke ji. Yawon mota ba tare da manufa ba ƙona mai ne kawai.

Binciken da ya biyo baya a birnin Miniyapolis shi ya nuna inda gizo ke saƙar. Lawrence Sherman da abokan aikinsa sun bayyana a 1989 cewa kimanin kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin su ke haifar da rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda. Daga nan aka zaɓi irin waɗannan wurare 110, aka ƙara sintiri a rabinsu, aka bar sauran, sai laifi da hargitsi suka ragu inda aka ƙara. Wani nazari na 1995 ya nuna cewa tsayuwar minti 10 zuwa 15 a wuri ita ta fi barin tasiri bayan jami'i ya tafi. A 1998 Sherman ya yi kira da a riƙa gina aikin ɗan sanda a kan irin wannan hujja, kamar yadda likita ke gina magani a kan gwaji.

Wani zai ce wannan zancen birni ne, ina ruwan ƙauye da shi. To amma mu ma mun san laifi yana da wurinsa da lokacinsa: yammacin ranar kasuwa da 'yan kasuwa ke komawa gida da kuɗi, mahaɗar da babur ke rage gudu, burtali a lokacin girbi. Abin da ya rage mana shi ne ƙidaya. Kowane caji ofis yana da littafin da ake shigar da rahoto, kuma da baturen 'yan sanda zai sa a fitar da wuri da rana da sa'a na kowace ƙara ta wata shida, da ya ga taswirar yankinsa da sabon ido. Sai dai littafin nan kaɗai ba ya isa, domin a karkara yawancin ƙorafi a zauren mai unguwa ko dagaci yake ƙarewa. Idan ba a haɗa abin da ke littafi da abin da masu sarauta suka sani ba, za a kai sintiri inda masu kai ƙara suke, a bar inda ɓarna take.

Batun shinge ma an gwada shi. A jihar Rajastan ta Indiya, tsakanin 2010 da 2011, an kwatanta shingen da ke zama wuri ɗaya da wanda ake canza masa wuri, domin kama direbobi masu maye. Direbobi sun yi saurin gane shingen dindindin suka riƙa kauce masa. Inda ake canza wuri kuwa, haɗurran dare sun ragu da kashi 17 cikin 100, mace-mace da kashi 25.

Yanzu mu koma kan wanda ke cikin kakin, wanda a ganinmu shi aka fi mantawa da shi. Masana a Ostireliya sun nuna a 1997 cewa mutumin da ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, hankalinsa da hanzarinsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Mu yi tunanin wannan mutum da bindiga a kafaɗa, tsakar dare, ga mota ta taho ba ta rage gudu ba. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan jami'ai 4,957 a Amurka da Kanada ya sami alamun matsalar barci a jikin kimanin kashi 40 cikin 100 nasu, kuma su ne suka fi yin kuskure a aiki da huce fushi a kan jama'a. A shekarar dai, gwajin da aka yi a biranen Ditiroyit da Alintan ya nuna cewa masu aikin sa'a 10 sun fi masu sa'a 8 samun barci, masu sa'a 12 kuwa sun fi kowa gyangyaɗi. A Birtaniya, binciken Jami'ar Kambirij na 2019 ya gano cewa kusan ɗaya cikin kowane jami'ai biyar yana fama da ciwon firgici sakamakon munanan abubuwan da ya gani a bakin aiki. Wannan fa a ƙasar da ba a fafatawa da 'yan bindiga a daji. Kurtun da ya kwashi gawarwakin abokan aikinsa bayan kwanton ɓauna, washegari aka mayar da shi shinge, ba a buƙatar dogon nazari kafin a san yana ɗauke da kaya.

Sanin magani daban, shan sa daban. A Rajastan ɗin, wani gwaji a ofisoshin 'yan sanda 162 ya haɗa da ba kowane jami'i hutun kwana ɗaya a mako, da kuma horaswa. Horaswar ta yi tasiri. Hutun bai yi ba, domin an bar aiwatar da shi a hannun shugabannin ofisoshi, su kuma suka yi masa riƙon sakainar kashi. Haka nan wani bincike da ya fito a 2021 daga ƙasashe shida, ciki har da Laberiya da Yuganda da Pakistan, bai ga cewa shirin haɗa 'yan sanda da al'umma ya rage laifi ko ya ƙara amana ba, kuma daga cikin dalilan da aka kawo akwai yawan sauya wa jami'ai wurin aiki da rashin kulawar manya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin irin wannan shiri a jihohi da yankuna.

Saboda haka muke ganin ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai su ƙara abu biyu cikin ajandar taron tsaro na wata-wata. Na farko, jerin wurare biyar ko shida da aka fi samun ɓarna, wanda baturen 'yan sanda da dagatai za su fitar tare, a sake duba shi bayan wata uku a ga ko adadin ya motsa. Na biyu, jadawalin aikin jami'ai, a ga sa'a nawa kowane kurtu ya yi a jere a makon da ya wuce, da ranar da ya huta.