Birnin da gine-gine ke karɓar sakamakon jarabawa

Duk mun san yadda gaba ke faɗuwa ranar raba sakamako a ƙarshen zangon karatu. To, a birnin New York na Amurka, manyan gine-gine ma ba su tsira ba. Tun shekarar 2020 doka ta wajabta wa masu su manna takarda a bakin ƙofar shiga, ɗauke da harafin A, B, C ko D, gwargwadon yadda ginin ke tattalin makamashi. Wanda ya ƙi miƙa bayanansa kuwa, F zai manna da hannunsa, kowa ya gani.

Me ya yi zafi haka? Kusan kashi biyu cikin uku na iskar da ke ɗumama duniya wadda birnin ke fitarwa, daga gine-gine take fitowa, wajen ɗumama ɗakuna da hunturu, dafa ruwa, sanyaya ɗaki da kunna fitilu.

Abin da ya burge mu shi ne hukuma ta fara da ƙidaya kafin hukunci. Wata dokar 2009 ta ce kowace shekara mai babban gini ya shigar da yawan lantarki, gas da ruwan da aka sha a wata manhaja mai suna Portfolio Manager. Ita kuma ta gwada shi da takwarorinsa, makaranta da makaranta, asibiti da asibiti, ta ba shi maki daga 1 zuwa 100. Sai mai 85 zuwa sama ke samun A.

Bayan shekara goma, a 2019, aka kafa dokar tara. Daga 2024, yawancin gine-ginen da faɗinsu ya haura murabba'in ƙafa 25,000 suna da iyakar iskar da za su fitar. Duk tan ɗaya da ya ɗara iyakar, dala 268 ne a shekara.

Tunda maganar kuɗi ta shigo, dole alƙaluma su tsaya daidai, kuma nan wahalar take. Ginin da ke kan kwana yana iya samun adireshi biyu. Mita ɗaya tana iya ba gine-gine uku wuta. Idan aka yi kuskure aka ƙara wa gini faɗi a takarda, sai mai almubazzaranci ya fito kamar mai tattali. Shi ya sa kowane gini a birnin yake da lambarsa shi kaɗai, kamar lambar da ke raba Aisha Musa biyu a ɗakin jarabawar NECO.